Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Mai Ciwon Baya da Zaɓin Karen Gida

Mpape gari ne na duwatsu da hawa da gangara, a Ƙaramar Hukumar Bwari, dab da unguwar Maitama. Shekaru da dama ke nan mutanensa suna cin abinci daga fasa dutse da lodin tifa, har tsohon ramin nan mai cike da ruwa da ake kira Crushed Rock ya zama wurin yawon buɗe ido. A watan Satumba na 2018 ƙasa ta yi motsi a yankin, gwamnati ta dakatar da fasa dutse na wani lokaci. Amma akwai wata girgizar da ba a jin labarinta a rediyo, wato ta magidancin da ya sunkuya ya ɗaga kaya, bayansa ya riƙe, daga ranar rayuwar gidansa ta sauya.

A ɗauki irin wannan magidanci. Likita ya hana shi ɗaukar nauyi da yawan sunkuyo, ya kuma umarce shi da tafiyar ƙafa a hankali kowace rana. Gidansa na buƙatar kare saboda ɓarayi, yara ma sun daɗe suna roƙo. Zuciyarsa tana kan babban kare irin na maƙwabci, wanda haushinsa ke razana mai wucewa. Matarsa kuwa ta ce, “Maigida, a nemi ƙarami.” Shi yana ganin amincewa da ƙarami tamkar shaida ce a gaban unguwa cewa ƙarfinsa ya ƙare. Tambayar ita ce: wanda ya rage burinsa saboda raunin jiki, ya karaya ne ko ya yi hikima?

Ya kamata a fara da awo. Namijin karen Jamus da ake kira Alsatian yakan kai kilo 30 zuwa 40, Boerboel na Afirka ta Kudu kuwa yakan haura kilo 60. Idan irin wannan ya hango akuya ya fizgi igiya a gangaren Mpape, ƙarfin fizgar a ƙugun mai riƙe da shi zai ƙare. Ranar da karen ya kwanta ciwo kuma, sai an ɗaga shi a sa a mota. Lhasa Apso kuwa, wanda ya yawaita a gidajen Abuja, bai cika wuce kilo 8 ba, kuma asalin aikinsa a ƙasar Tibet gadi ne: ya ji motsi, ya yi haushi, ya tayar da mutanen gida. Aikin da yawancin gidaje ke nema ke nan a wurin kare.

Sai dai ƙanƙanta ita kaɗai ba ta isa ba. Ƙaramin kare yana jawo sunkuyo wajen ba shi abinci da wanka, yana kuma iya shiga tsakanin ƙafafu ya kayar da mutum. Gashin Lhasa dogo ne, yana son tsefewa ko aski a kai a kai. Ɗan kwikwiyo ya fi babba wahala, gama sai an yi watanni ana bin sa ana share ƙazanta. Saboda haka mai ciwon baya zai fi samun sauƙi da kare wanda ya girma, mai sanyin hali, wanda ya saba tafiya da igiya. Karen gargajiya matsakaici, mai gajeren gashi da jure zafi, shi ma abin dubawa ne. Ana iya yi wa kare wanka a kan tebur, a kwashe kashinsa da shebur mai dogon hannu.

Akwai masu cewa yin lissafi da ciwo rashin bangaskiya ne, tun da Allah mai warkarwa ne. Maganar tana da nauyi, domin mai bi ba ya yanke ƙauna. Amma a Luka sura 14 Ubangiji Yesu ya ba da misalin mai son gina hasumiya, wanda ya wajaba ya zauna ya yi lissafi kafin ya sa harsashi. Manzo Bulus ma ya yi addu'a sau uku a kan ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ta ba, ya ci gaba da hidima da ita. Mutum na iya roƙon warkarwa da dukan zuciyarsa, ya kuma shirya gidansa bisa ga jikin da yake da shi yau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a 2020. Abin da ya sami jama'a haka ba abin kunya ba ne.

Abu mafi muhimmanci shi ne wanda zai biya kuɗin girman kai, wanda Hausawa suka kira rawanin tsiya. Idan maigida ya sayi karen da ya fi ƙarfinsa, ɗawainiyar za ta faɗa kan matar da ta riga ta ɗauki rabin aikinsa, ko kan yaro ɗan shekara goma da kare zai ja a ƙasa. In sun gaza, sai a ɗaure dabbar a rana dare da yini, ta rame ta yi zafin rai, ko a sake ta ta shiga unguwa. Littafin Misalai 12:10 ya sa kula da ran dabba cikin alamun mai adalci. Ƙaramin kare yakan rayu shekara 12 zuwa 15, don haka alkawari ne mai tsawo ga halittar da ba ta da bakin kai ƙara.

Maƙwabci ma yana da haƙƙi. Ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara, da yawansu yara ne, kuma cizon ƙaramin kare yana ɗauke da cutar kamar na babba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin allurar rigakafin, likitocin dabbobi kuma suna ba da shawarar a riƙa sabunta ta kowace shekara. In an yi cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a garzaya asibiti. Wanda ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba, gara ya haƙura da kare gaba ɗaya, wannan ma zaɓi ne na mutunci.

Magidancin da ya zauna da iyalinsa suka raba aiki, ya tambayi likitansa, sannan ya ɗauko karen da hannunsa zai iya riƙewa, bai rasa kome daga darajarsa ba. Da sassafe za a gan shi yana takawa a hankali a hanyar da ba ta da gangara sosai, karen na biye, yana cika umarnin likita ba tare da an tilasta shi ba. 'Ya'yansa kuma suna koyon darasi daga gare shi: mutum ya san iyakarsa, ya karɓe ta da godiya, kada ya ɗora wa na ƙasa da shi nauyin abin da ya zaɓa.