Sanyin Ɗakina, Zafin Maƙwabciyata

A Ingila, tun shekarar 2023 gwamnati ke ba magidanci tallafin fam 7,500 don ya cire tukunyar gas mai ɗumama gida, ya sa na'urar da ke janyo ɗumi daga iskar waje zuwa cikin ɗaki. Mu 'yan Nima sai dariya: wa ke neman ɗumi a Accra? Alhali na'urar tana nan jikin bangonmu, AC ce aka juya mata baya. Aikinta ɗaya ne, ta kwashe zafi daga nan ta zubar can.

To, can ɗin na wane ne? A Nima da Maamobi, tsakanin bango da bango taku biyu ne. A zafin watan Maris na sa AC a ɗakina. Bayan mako guda Hajiya maƙwabciyata ta tare ni a lungu, ta ce, "Ɗana, Allah Ya sanya alheri. Ni dai na rufe tagata." Ashe injin kan gadonta yake huci duk dare.

Kuɗina ne, mitata ce, ban karya doka ba. Amma lokacin dumsor na 2015 tare muka kwana a waje kan tabarma, zafi ya raba mana daidai. Yanzu na sayi hanyar fita, na ɗora mata kasona. Haƙƙin maƙwabci bai tsaya ga gaisuwa da tuwon sallah ba.

Na kira mai gyara, muka mayar da injin kan rufi. Hajiya ta buɗe tagarta. Zafin kuwa yana nan a iskar unguwa, sai dai yanzu ban san fuskar mai shan sa ba. Mai karatu, na sauke nauyin ke nan, ko ɓoye shi na yi?