Shin Hadisin Gudun Kuturu Ya Halatta Wulaƙanta Shi?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, a ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum akwai bayin Allah da suka yi ciwon kuturta, suka sha magani suka warke, amma har yau ana ƙin sayen furarsu, ana janye jiki daga gare su a sahu, ana hana 'ya'yansu aure wai ciwon gado ne. In ka yi magana, sai a kafa maka hujja da hadisin Buhari wanda ya yi umurni da guje wa kuturu.

Hadisin ingantacce ne. Sai dai malamai sun ce hukunci yana tafiya ne tare da dalilinsa, kuma da yawansu sun fassara dalilin nan da tsoron ɗaukar cuta. Sahabbai kansu ba su fahimci wulaƙanci a ciki ba. Mu'aikib ɗan Abu Faɗima ya kamu da kuturta, amma Sayyidina Umar ya ɗora shi a kan Baitulmali, har yana sha a ƙwarya ɗaya da shi.

To, me ya rage na dalilin a yau? A 1873 wani likitan Norway mai suna Hansen ya gano cewa ƙwayar cuta ce ke kawo kuturta, ba gado ba. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin maganinta, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi. Wata 6 ne ko 12 mutum ya warke, kuma da ya fara sha ya daina yaɗa ta. Dungulmin hannu tabo ne kawai.

Ƙyama kuwa illarta ta wuce mai ciwo. Wanda ya ga tabo mara ji a fatarsa zai ɓoye don tsoron bakin mutane, har jijiyoyi su mutu, yatsu su tafi, iyalinsa na cikin haɗari. Ashe mu da kanmu muke taya ciwon.

Saboda haka, mai tabo a kai shi asibiti da wuri. Wanda ya warke a ba shi hannu, a sayi hajarsa, a matsa masa a sahu. Limamai su faɗi wannan a huɗuba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mu daga zaluntar bayinSa. Amin.