Rashin Sani Ya Fi Dare Duhu

Dare, komai tsawonsa, asuba za ta yi. Shi kuwa rashin sani, gari ba ya waye masa sai an samu mai kawo labari. Shi ya sa Bahaushe ya ce rashin sani ya fi dare duhu. Labarin wani saurayi Ba'amurke mai suna Vernon Moore ya tabbatar da wannan magana ta fuska biyu.

Ran 4 ga Afirilu 1943, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, wani jirgin sama mai ruwan bama-bamai da ake kira Lady Be Good ya tashi daga Soluk, kusa da Bangazi a Libiya, ya nufi Italiya. Mutum tara ne a ciki, har da Moore, kuma fitarsu ta farko ke nan. A kan hanyar dawowa, cikin dare, suka wuce sansaninsu ba su ankara ba, suka yi ta kutsawa cikin Sahara suna zaton har yanzu bisa teku suke. Da mai ya kusa ƙarewa sai suka diro da laima. Ɗaya ya rasu nan take. Sauran takwas suka nufi arewa a ƙasa, da ruwa rabin gora, kowa cikin murfi ɗaya a rana. Jirgin kuwa yana kwance kudu da su, ba nisa sosai, da ruwa a cikinsa da rediyo mai aiki. Duhun dare bai kashe su ba. Rashin sanin inda suke ne ya kai su ga halaka.

Fuska ta biyu tana gida. Sai a 1958 masu neman man fetur suka hango jirgin, a 1960 aka gano gawarwaki takwas. Ta Moore har yau ba a tabbatar da ita ba. Shekara 17 iyayen samarin nan suna zaune ba gawa ba labari.

Mu mutanen Magariya da Dungas ba sai an fassara mana wannan zama ba. Gida nawa ne ɗansu ya bi ta Agadas da Dirku neman kuɗi a Libiya, waya ta ɗauke, shiru har yau? Uwa ba ta san ko ta karɓi gaisuwa ba. Ba sadakar uku, ba ta bakwai, ba ta arba'in. Mata ba ta shiga takaba ba, ba ta kuma da miji a ɗaki. A mazhabar Malikiyya sai ta kai ƙara gaban alƙali ta jira shekara 4. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara daga maƙwabciyarmu Kance, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace.

Don haka matafiyi kada ya shiga hamada bai san hanya da rijiyoyinta ba, kuma ya riƙa sanar da gida kowane zango. Wanda kuma abokin tafiyarsa ya rasu a gabansa, amana ce a wuyansa ya je har ƙofar gida ya faɗi rana da wuri. Labarin mutuwa da ɗaci, amma da shi ne iyali ke samun yin addu'a da raba gado, su kuma ci gaba da rayuwa. Allah ya bayyana mana waɗanda suka ɓace, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.