Kunyar da ke kai mace kabari

Wata ɗalibata da aka yi wa aure tana aji uku na kwaleji ita ce ta jefa ni cikin wannan tunani. Cikinta na fari ya kai wata bakwai ba ta faɗa wa kowa ba, domin a wurinmu mace ba ta buɗe baki ta ce tana da juna biyu, sai zane ya tona. Ƙafafunta suka kumbura, kai yana sara mata, ta yi shiru. Ranar da jijjiga ta kama ta aka ɗora ta bisa amalanke zuwa asibiti. Ita ta tashi, ɗan bai zo da rai ba. Da na je gaisuwa, kakarta ta ce mini: "Malam, yarinya ce mai kunya." Yabo take yi.

Ba na raina kunya. Ita ke hana uwa kiran sunan ɗan fari, ita ke sa yaro ya sunkuyar da kai gaban babba. Amma kowace ɗabi'a ta gari tana da abin da take karewa, kuma abin da kunya ke karewa shi ne mutunci. To, in mutum ya tafi, mutuncin wa aka tsare?

Mu dubi aikin likitan mata. A wurin awon ciki ana gwada hawan jini, a duba fitsari, a ba da maganin ƙarin jini da rigakafin zazzaɓin sauro, a ga kwanciyar ɗa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je awo sau 8, na farko cikin mako 12 na farkon ciki, daidai lokacin da al'ada ke cewa a ɓoye. Likita ba ya duba ƙasa. Wadda ba ta zo ba, ba zai san ciwonta ba.

Wani zai ce talauci ne da nisan hanya. Da gaskiyarsa. Sai dai a 2005 gwamnatin Nijar ta yafe kuɗin fiɗar haihuwa, a 2006 ta yafe na awon ciki, amma binciken ƙasa na 2012 ya samu mata 535 suna rasuwa cikin kowace haihuwa 100.000. Asibitin yoyon fitsari da aka buɗe a Danja, kusa da Maraɗi, a 2012, shi ma shaida ne: mafarin wannan cuta yawanci doguwar naƙuda ce, kwana biyu ko uku a ɗaki, mace na cije leɓe don kada a ji kukanta, ana jiran izinin maigida.

Wani kuma zai ce likitan namiji ne. Malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan: inda babu mace, larura ta buɗe ƙofa. Su ma ma'aikatan lafiya da nasu nauyi. Labule, rufin asiri da tattausan harshe rabin magani ne. Ungozoma mai tsawa kuwa ita ke kora mai ciki ta koma ɗaki.

Saboda haka ba cewa nake a yar da kunya ba, a sake mata mazauni. Mai ciki ta sauke ta. Mijin da ke da kuɗin ragon suna, ba shi da na motar zuwa awo, shi ya kamata ya kasa haɗa ido da jama'a.