Magani Ma Yana Da Isnadi

 

'Yar uwa, idan wata ta kawo miki magana ta ce hadisi ne, kin san tambayar da ake yi: wa ya ruwaito shi, a wane littafi yake? Ko yarinya 'yar aji uku a Islamiyya ta iya wannan. To me ya sa idan maganar ta shafi lafiyarki da ta 'ya'yanki sai ki ajiye tambayar a gefe?

Yanzu wayoyinmu cike suke da likitocin baka. Ga saƙon murya a WhatsApp, ga shirye-shiryen hira na intanet da ake kira fodkas, inda mutum biyu za su zauna gaban makirufo awa biyu ko uku suna ta zuba. Wannan ya ce allurar rigakafi tana hana haihuwa, wancan ya ce ga haɗin da ke kashe ciwon suga cikin mako guda, ki zubar da ƙwayar asibiti. Mai gabatarwa kuwa sai gyaɗa kai, ba ya taɓa cewa baƙon nasa, "A ina ka samo?"

Addininmu bai bar mu a duhu ba. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike kafin mu yi aiki da labarin wanda ba amintacce ba, don kada mu cutar da wasu cikin jahilci mu dawo muna nadama. Aya ta 36 a Suratul Isra'i ta hana mu bin abin da ba mu da ilimi a kansa. Imamu Muslim kuma a gabatarwar Sahihinsa ya kawo hadisin da ke nuna cewa mai yaɗa duk abin da kunnensa ya ji ya shiga sahun maƙaryata, ko da bai ƙirƙiri komai ba. A nan ne kuma ya ambato bayanin Ibn Sirin, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, cewa faɗuwar fitina ce ta sa malamai suka fara neman a ambaci maruwaita da sunayensu. Daga nan ilimin isnadi ya bunƙasa. Malamanmu ba su taɓa ɗaukar tambayar tushen magana a matsayin rashin ladabi ba.

Wani abu ya faru a Amurka a watan Yunin 2023. Joe Rogan, mai ɗaya daga cikin fodkas mafi yawan masu saurare a duniya, ya yi hira da Robert F. Kennedy ƙarami, wanda ya daɗe yana sukar allurar rigakafi (shi ne aka naɗa sakataren lafiyar ƙasar a 2025). Da wani likitan yara masanin rigakafi, Peter Hotez, ya ce hirar cike take da kurakurai, sai Rogan ya yi tayin dala 100,000 ga duk ƙungiyar agajin da likitan ya zaɓa, in dai zai zo su yi muƙabala da Kennedy a shirin. Likitan ya ƙi. Da yawa suka ce tsoro ya ji. Ni dai a ganina ya yi daidai. Mu da muka san muƙabalar malamai mun san da littattafai ake zuwa, a ce buɗe juz'i kaza, shafi kaza. Muƙabalar da babu littafi a gabanta gasar iya baki ce kawai. Ƙarya ɗaya ana faɗarta cikin numfashi guda, amma warware ta sai an kwana ana bincike, kafin nan mai ita ya jefo wasu goma.

Kuma ambaton tushe kaɗai bai isa ba, sai an duba mai ruwayar. Zancen cewa rigakafin ƙyanda yana taɓa ƙwaƙwalwar yara ya samo asali ne daga rubutun wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, a mujallar Lancet a 1998, kan yara 12 kacal. A 2010 mujallar ta janye rubutun, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitoci. A yaren malaman hadisi, wannan matruki ne, an bar ruwayarsa. Amma har gobe ana yawo da ita.

Na san wata za ta ce, "Malama, ai an taɓa cutar mu." Gaskiya ne, ba zan musa ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano a kan yara kusan 200, kuma 11 daga cikin yaran gwajin suka rasu. Amma duba yadda wannan zargi ya tsaya da ƙafarsa: akwai takardu, akwai sunaye, akwai shaidu, aka je kotu, har a 2009 kamfanin ya amince da sulhun dala miliyan 75 da Jihar Kano. Ki kwatanta da zancen cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa, wanda ya sa aka dakatar da rigakafin a Kano daga 2003 zuwa Yulin 2004. Cutar ta bazu har Sudan da Yaman da Indonesiya, ƙasashen 'yan uwanmu Musulmi. 'Yan matan da aka ɗiga wa a wancan lokaci, yau ga su nan da goyo a ajin matan aure.

Haka daren nan na watan Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka yi ta tashin mutane a waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha kafin asuba. Aƙalla mutum biyu suka rasu, wasu suka kwanta asibiti, don gishiri mai yawa haɗari ne, balle ga mai hawan jini. Waɗanda suka buga wayar nan iyaye ne da yayye, don ƙauna suka yi. Da an tambaye su wa ya faɗa, amsar ɗaya ce: "Wai an ce."

Abu Dawud ya ruwaito hadisin da ke ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba. Ki tuna da wannan ranar da yatsanki ya hau kan "tura". Da zarar kin tura, kin zama ɗaya daga cikin maruwaitan saƙon, da sunanki zai isa wurin ƙanwarki, kuma don ta yarda da ke za ta ajiye maganinta. In saƙon ya zo daga surukarki ko wata babba da ba kya iya musa mata, ba sai kin yi gardama ba. Ki ce, "Hajiya, wane likita ne ya faɗa, a wane asibiti yake? Bari in kai wa ma'aikaciyar jinya ranar awo ta saurara mana."