Ƙaddara ce ko ƙura?

A ɗakunan kwanan ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi, haka kuma a gidajen malaman makaranta daga Ikara zuwa Hunkuyi da Taban Sani, kwamfutar tafi-da-gidanka ta zama kayan aiki kamar biro. Yawancinsu na hannu ne, an sayo su a PZ ta Sabon Garin Zariya ko a Farm Centre ta Kano. Da dare ɗalibi kan soka iyafis don ya saurari darasi ko tafsirin marigayi Shaikh Abubakar Gumi ba tare da ya tashi abokan kwana ba. Sai wata rana ya soka, ya ji tsit. Hoto na tafiya, bakin malami na motsi, kunne kuwa babu komai.

Kafin gari ya waye an yanke hukunci iri-iri. Wani ya ce ta tsufa, ta mutu ke nan. Wani ya ce baki ne, tun ranar da aka yaba ta ya san za a rina. Mafi yawa kuwa kan ce ƙaddara ce, sai haƙuri. Wannan ta ƙarshen ita ce ta cancanci a tsaya a kanta, domin magana ce ta gaskiya da ake yawan ajiyewa a inda ba wurinta ba.

Mai gyaran da ya san aikinsa ba ya musun ƙaddara. Zai ce Allah Ya sa a dace, sannan ya karɓi iyafis ɗin ya soka a wayarsa. In can ma shiru, to laifin ba na kwamfuta ba ne, wayar iyafis ce ta tsinke daga ciki, galibi a gindin fulogi inda take yawan lanƙwasa. In ya yi magana, sai ya koma kan allo ya duba inda Windows ke tura sauti. Sau da yawa kwamfutar tana magana, amma da wani take yi: tana aika muryar ga lasifikar Bluetooth da aka haɗa jiya, ko ga majigin da aka jona ta HDMI a aji. Daga nan sai ƙaramar manhajar da suke kira direba, wadda a kwamfutoci da yawa ta kamfanin Realtek ce, kuma takan rikice bayan sabunta Windows. A cire ta, a sake kunna na'ura, sau tari magana ta ƙare.

Sai kuma ramin da ake soka iyafis ɗin. Faɗinsa milimita 3.5 ne, jika ne ga babban fulogi mai milimita 6.35 da ma'aikatan musayar tarho suka yi aiki da shi tun ƙarni na 19, kuma Walkman na Sony da ya fito a 1979 ya taimaka wajen kai shi kunnen duniya. A cikinsa akwai ɗan siririn ƙarfe da ke motsawa idan fulogi ya shiga, shi ke shaida wa kwamfuta cewa ta rufe lasifikarta ta juya sauti zuwa kunne. Ƙurar hunturu da zaren aljihun jaka kan taru a can ƙasa su dunƙule, fulogi ya kasa shiga har ƙarshe. Wanda ya san yadda hazo ke rufe hanyar Zariya zuwa Kano a watan Disamba ba zai yi mamaki ba. A kashe na'ura, a sa tsinken sakace a hankali, sai ga ɗan curin datti da bai kai ƙwayar gero ba. Wani lokaci ma babu abin da ya lalace. Fulogi mai zobe uku tsari biyu gare shi, CTIA da OMTP na tsofaffin wayoyin Nokia, in suka saɓa da ramin sai murya ta fito kamar daga cikin rijiya.

To, da mutum ya tsaya a "ƙaddara ce", da curin dattin nan ya raba shi da karatunsa. Shin wanda ya ɗauki tsinke ya nuna ƙarancin imani?

Tambayar tsohuwa ce, kuma manya sun kai ruwa rana a kanta. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga a littafinsa Tahafutul Falasifa. A ganinsa, ido yana ganin ƙonewa tana faruwa a lokacin da wuta ta taɓa auduga, amma bai ga cewa wutar ce da ikon kanta ta ƙona ba. Mai aikatawa Allah ne. Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani cewa wanda ya rushe sabubba ya rushe ilimi, domin sanin abu shi ne sanin dalilinsa.

Almajiran zaure a ƙasar Zazzau sun gaji wannan mas'ala ta hannun Shaikh Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, mai littafin Ummul Barahin da ake karantawa a fannin tauhidi. A wannan karatu ana raba hukunci gida uku: na shari'a, na hankali da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne haɗin da ake gani tsakanin abu da abu saboda maimaituwa, kamar ci da ƙoshi ko wuƙa da yanka. Sababi ba ya tasiri da kansa, kuma Allah na iya saɓa al'adar in Ya so. Abin da mutane ke mantawa shi ne ɗaya rabin darasin: al'adar nan Allah ne Ya gudanar da ita, kuma tana nan daram har a iya dogara da ita a yi noma, a yi magani, a yi gyara. Wanda ya bi hanyar sauti daga manhaja zuwa rami zuwa waya, tsarin da Mahalicci Ya shimfiɗa yake karantawa. Haka ma Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham lokacin annobar Amwas, da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya fahimtar da shi cewa juyawar ma tana cikin ƙaddara.

Manoman wannan yanki sun ga haka a gonakinsu. A 2016 tumatir ya ƙone a fadamu kamar an bi shi da wuta, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a watan Mayu. Manoma suka sa wa abin suna sharon. Jarrabawa ce daga Allah, babu shakka, amma tana da fuka-fuki da suna: wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne mai kama da malam-buɗe-littafi, Tuta absoluta, ɗan asalin Kudancin Amurka, da ya ɓulla a Sifen a 2006 kafin ya tsallako Afirka. Tsutsarsa na shiga cikin naman ganye ta ɓuya, shi ya sa feshin da aka saba ya riƙa wuce ta. Sanin haka bai rage wa kowa tawakkali ba, ya dai nuna inda za a sa hannu.

Akwai kuma mai gyaran da ke cin kasuwa da wannan saurin sallamawa. Ko buɗe na'ura bai yi ba zai ce bod ya ƙone, ya yanka kuɗi, alhali dalma ce ta saki a gindin ramin saboda yawan fizgar waya. Wannan algus ne, bai da bambanci da tauye mudu a kasuwar Makarfi, kuma abin da ke ba shi ƙofa shi ne abokin cinikin da ya riga ya yi wa kayansa ta'aziyya.

Gaskiya ne, wani lokaci a bi komai a tarar ɗan guntun da ke sarrafa sauti ya mutu murus. A nan haƙuri ya sami gurbinsa, kuma a nan kalmar ƙaddara ke sanyaya zuciya, don ta zo bayan an yi abin da za a iya. Ko a nan ɗin ma akwai ɗan abin sauti da ake sokawa a kafar USB, mai sauƙin kuɗi, da ke kewaye ramin gaba ɗaya.

Malaman da ke karantar da tauhidi a zaurukan Ikara, Makarfi da Kudan su ne suka fi kowa ikon gyara wannan fahimta. Idan sun zo babin hukuncin al'ada, su kai darasin har ƙarshensa, su gaya wa almajirai cewa binciken dalili aiki ne na mumini. Ɗalibin da sautinsa ya ɗauke kuwa, kafin ya ɗauki kuɗin mota zuwa Zariya, ya fara aron iyafis ɗin maƙwabcinsa ya gwada.