Gyara Ko Algus?

A ƙasar Amurka akwai waɗansu irin motoci da a ke kira masu ƙwanji. An ba su wannan suna ne domin jikinsu matsakaici ne, amma injin da ke ciki ƙato ne mai silinda takwas. Yawancin masana sun ce ta farinsu ita ce Pontiac GTO, wadda ta fito cikin 1964. Daga nan sauran kamfanoni suka shiga tsere, aka yi Dodge Charger, da Plymouth Road Runner, da Chevrolet Chevelle SS. Zamaninsu bai wuce shekara goma ba. Kuɗin inshora ya hau, gwamnati ta kafa dokar rage hayaƙi cikin 1970, sa'an nan man fetur ya yi tsada cikin 1973. Mutane suka juya musu baya, aka jibge su cikin rumfunan gona, ɓera da tsatsa suka gaje su.

To, da ya ke da tsohuwar zuma a kan yi magani, bayan shekaru sai samarin da suka yi sha'awarsu tun suna yara suka girma, suka sami abin hannu, suka shiga nemansu. Kuɗinsu ya yi ta hauhawa, har cikin 1971 wata Plymouth Hemi 'Cuda mai buɗaɗɗen rufi da aka ƙera, irin wadda ba a yi ko 20 ba a wannan shekara, aka sayad da ita a gwanjo a birnin Siyatil cikin 2014 a kan dala miliyan 3 da rabi.

Wanda ya ɗauko irin wannan mota zai tarar gyaran inji ba shi ne ya fi cin rai ba. Aikin cikinta shi ne mai gwada haƙuri. Rana ta tsattsage allon gaban direba, ledar kujeru ta kece, soson ciki ya zama gari. Ruwa ya bi ta gefen gilashi ya jiƙa darduma, ƙarfen da ke ƙarƙashinta ya ruɓe. Mai gyara zai kwance kome ɗaya ɗaya, ya sa kowane noti cikin ƙunshinsa, ya rubuta inda ya fito. Zai kankare tsatsar ƙarfen kujera, ya sa sabon soso, ya ja sabuwar leda ya kama ta da ƙananan zobba na waya. Mariƙin ƙofa, da maɓallin rediyo, da ɗan tambarin da ke jikin allo, kowanne sai an wanke shi, ko an sake masa ƙyalli, ko an nemo madadinsa. Akwai kamfanoni da sana'arsu ke nan, ƙera sababbin kaya masu kama da na dā.

A nan ne tambaya ta ke tasowa. Idan an sake kujeru, an sake darduma, an sake allo da ƙofofi da daɓen ƙarfe, shin motar nan ita ce ta dā, ko kuwa wata ce dabam? Wannan tambaya ta girmi mota nesa. Wani malamin Yunanawa mai suna Fulutak ya ba da labarin jirgin ruwan wani jaruminsu, Tisiyus, wanda mutanen Atina suka adana. Kowane katako ya ruɓe sai su cire su sa sabo, har masu ilmi suka rabu biyu, waɗansu suna cewa jirgin shi ne, waɗansu suna cewa ba shi ba ne.

Masu motoci ma haka suka rabu. Wani ya ce mota don hawa aka yi ta, kujerar da ta kece ba ta da wata daraja sai a juji. Wani kuwa ya ce abu sau ɗaya ya ke zama na asali, ɗinkin da ma'aikaci ya yi cikin 1969 in an farke shi ya tafi ke nan har abada. Don haka motar da ba a taɓa ba, ko da ta koɗe, wani lokaci ta kan fi wadda aka sabunta tsada. Kowannensu yana da hujja, kuma ba lalle ne a raba musu gardama ba, gama mai abu yana da ikon gyara abinsa yadda ya so.

Amma ranar da za a sayar, magana ta sake. GTO ta 1964 da ta 1965 ba wata mota ce dabam ba, Pontiac LeMans ce aka ƙara mata babban inji da 'yan alamu. Saboda haka mai wayo ya kan sayi LeMans da araha, ya sa mata inji, ya manna tambari, ya sake allo, sai ga ta ta fito tamkar GTO. In ya ce wa mai saye, ga LeMans an yi mata kwalliyar GTO, ba wanda ya cuta. In ya yi shiru ya karɓi kuɗin ta ainihi, ya yi algus. Aikin hannu ɗaya ne, noti ɗaya, leda ɗaya. Abin da ya raba gyara da zamba kalma ce tak, wadda ya faɗa ko ya haɗiye.

Abin mamaki, ƙananan abubuwan nan da ido ke rainawa su ne shaidu. Gilashi yana ɗauke da alamar lokacin da aka yi shi, haka ɗan ƙyallen da ke jikin ɗamarar kujera. Kan noti yana da tambarin maƙerinsa. Sau da yawa kuma ma'aikata sun bar takardar da ta jera kayan da aka sa wa motar a cuse cikin wayoyin kujera, ko ƙarƙashin darduma. Mai gyara na kirki in ya tarad da ita ya kan adana ta kamar takardar gado, ko da abin da ta faɗa zai rage wa motarsa kuɗi. Maƙaryaci kuwa ya kan ƙone ta, ko ya buga ta jabu. Akwai kuma agogon da ke ƙidaya mil. Sa'ad da aka kwance allo, komad da shi baya ba wuya, shi ya sa Amurka ta kafa doka cikin 1972 ta hana yin haka don a yaudari mai saye. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne, gama masana sun san inda za su leƙa.

Wani zai ce, in mai saye ya hau motarsa yana murna har ya mutu bai gane ba, wa aka cuta? An cuce shi, domin ba ƙarfe da leda kaɗai ya biya ba, ya biya kuɗin asali ne, aka ba shi abin da ba shi ya saya ba. An cuci magadansa ranar da asiri zai tonu. An kuma cuci masu gyara na gaskiya, waɗanda daga nan kowa zai riƙa duban aikinsu da zargi.

Ashe tambayar Yunanawa, ko ba ta da amsa wajen masu ilmi, tana da amsa a kasuwa. Mai gyara ba a ɗora masa ya warware ko motar ita ce ta dā ba. Abin da ke wuyansa shi ne ya rubuta abin da ya cire da abin da ya sa, ya ajiye tsofaffin kayan cikin akwati, ya miƙa su duka ga mai saye, shi ya yanke wa kansa hukunci. Wanda ya yi haka, ko kujera ɗaya ta asali ba ta rage ba, motarsa gyararriya ce, cinikinsa kuma tsarkakakke.